Keke ko wasan daɓe: wanne ya fi sa nishaɗi?

Ɗan'uwa, ka ce aikinka zama ne gaban kwamfuta daga safe har yamma, rana ɗaya ce taka ta hutu a mako, kuma ka gaji da ƙarar da ita wajen danna waya. Kana tunanin ko dai ka sayi keke, ko ka riƙa zuwa kallon wasan kwaikwayo na daɓe. Tun da duka biyun ina taɓawa, bari in faɗa maka yadda nake ganinsu.

Babban abin da ya raba su shi ne hannun da ke riƙe da linzami. A kan keke kai ke zaɓar lokacin fita, da hanyar bi, da inda za ka juya. A zauren wasa kuwa miƙa kanka kake yi ga wasu. An sa lokaci, an kashe fitila, ba dama ka tsayar ko ka mayar baya kamar yadda kake yi wa bidiyo.

Daɗin keke daga jikinka yake fitowa, kuma sai ka biya kafin ka sha. Da farko ƙafa nauyi take yi, numfashi yana sarƙewa, har ka fara tambayar kanka me ya fito da kai. Can sai jiki ya saki. Ka hau tudu kana nishi, ka kai ƙarshensa, ka saki feda, keken ya ɗauke ka a gangara, ba ka jin komai sai iska a kunne da ƙas-ƙas ɗin tayar baya. Wannan 'yar gangarar ita ke mayar da mutane kan keke kowane mako.

Kuma na'ura ce mai sauƙin sha'ani. Wanda Karl von Drais ya ƙera a Jamus a 1817 ko feda ba shi da ita, da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa. A 1885 John Kemp Starley ya fitar da mai kaca zuwa tayar baya a Ingila, a 1888 John Dunlop ya kawo taya mai iska, daga nan siffar keke ba ta canja sosai ba. Shi ya sa wanda ya koyi liƙe faci, da sa wa kaca mai, da ɗaure birki, ya gama da yawancin matsalolinsa. Ga kuma ribar lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma keke ba ya dukan gwiwa kamar gudu. Illarsa a fili take: motoci, ruwan sama, da faci a nesa da gida. Hular kwano da fitila ba ado ba ne.

Wasan daɓe kuwa daɗinsa a hannun wasu yake, amma irin wanda allo ba ya bayarwa. Idan ka zauna kusa, za ka ga gumi a goshin ɗan wasa, ka ji yadda yake jan numfashi kafin ya furta magana mai nauyi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanin ɗan wasa yake sauraron 'yan kallo: in dariya ta ɓarke, sai ya ɗan dakata, ya bar ta ta lafa, sannan ya jefo maganar gaba. Ke nan har kai da ke zaune kana da hannu a tafiyar wasan. Wasan daren jiya ba shi ne na yau ba, ko da kalmomin ba su canja ba. Komai na iya faruwa. A 1613 gidan wasa na Globe a Landan ya ƙone ƙurmus saboda igwar da aka harba ana tsakiyar wasa ta kama rufin ciyawa. Ba na yi maka fatan irin wannan, amma ka ga dai abu ne mai rai. Kuma tsohon sha'awa ne: dandalin Epidaurus na ƙasar Girka, wanda aka gina a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, har yau ana wasa a cikinsa lokacin bazara.

Matsalarsa ita ce ba kai kaɗai ke yanke hukunci ba. Sai da ƙungiyar 'yan wasa, da zaure, da tikiti, kuma ba kowane mako ake samun mai kyau ba. In ka faɗa wa maras armashi, haka za ka zauna awa biyu kana satar kallon agogo, kunyar tashi ta hana ka fita.

Da ka ce mini kaɗaici ke damunka, da na tura ka zauren wasa, domin dariya cikin taro magani ce. Amma kai zama ne ya yi maka yawa, wasan daɓe kuma ƙarin zama ne. Saboda haka keke nake ba ka shawara ya zama na kowane mako, wasa kuma ka je duk sanda ka ji ana yabon wani, ka nemi ƙaramin zaure da kujerar gaba.

Kafin ka saya, ari na wani ka gwada. Ka kula da tsayin sirdi: idan feda ta sauka ƙasa, gwiwarka ta rage kaɗan ta miƙe. Da yawa daga masu cewa keke na sa musu ciwon gwiwa, sirdin ne ya yi ƙasa.