Gargaɗi ga masu tankin ruwan gishiri: ku yi hattara da murjanin hoto da anemonin rini

'Yan'uwa masu kiwon kifin teku da murjani (halittar teku mai kama da reshe ko dutse) a gida, akwai masu talla a Instagram da WhatsApp da ke saka hotunan kaya masu launi kamar bakan gizo, su ce sai an tura kuɗi tukuna. Damfarar tasu a launi take, don haka a kansa za mu fi mai da hankali.

Mu fara da anemoni, dabbar nan mai yatsu kamar fure wadda kifin kilawun (ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen ratsi) ke kwanciya a ciki. Nau'in Heteractis crispa idan yana da lafiya ruwan ƙasa-ƙasa ne, kan yatsunsa da ɗigon shunayya. Ruwan ƙasan nan na wata gansakuka ce mai ƙanƙanta da ke zaune cikin namansa, tana sarrafa haske ta ciyar da shi. Idan ya wahala a hanya ko zafi ya yi masa yawa, sai ya fitar da ita ya koma fari fat. Farin ba ado ba ne, yunwa ce. Wasu dillalai kuma sai su tsoma wannan farin cikin rini, ya fito rawaya shar ko ruwan hoda, a sa masa farashin kayan da ba a samu.

Gane wanda aka rina ba wuya. Rini yakan kama ko'ina bai ɗaya, har gindin da yake mannewa da dutse. Ku duba baki: mai lafiya a tsuke yake, mara lafiya a wangale. Yatsun kuma su kasance masu danƙo, suna riƙe abinci. Cikin 'yan makonni rinin zai koɗe, a bar ku da farar dabba mai neman mutuwa. Idan ta mutu cikin dare ta narke, amoniya, gubar da ruɓa ke fitarwa, ta tashi, ƙaramin tanki kan iya rasa kifinsa duka. Wanda ya riga ya saya, ya riƙa ba ta ɗan guntun jatan lande sau biyu zuwa uku a mako, da matsakaicin haske, gishirin ruwa a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 26 na Celsius. Farfaɗowa takan ɗauki watanni, kuma alamarta dawowar ruwan ƙasan da kuka raina.

Murjani kuwa da kyamara ake cutar mutane. Shuɗin haske yana sa namansa ƙyalli, a ɗora gilashi ruwan lemo a bakin kyamara, sannan a ƙara launi da manhaja. Kada ku kalli murjanin, ku kalli abin da ke gefensa. Idan farin kwandon da aka dasa shi a kai ko hannun mai riƙewa ya yi wani irin launi, an taɓa hoton. Ku nemi bidiyo a ƙarƙashin farin haske, da takarda mai sunanku da kwanan wata a jikin gilashin tankin. Ku kuma duba gindi: wanda aka raina a tanki namansa kan bazu ya rufe gam ɗin da aka manna shi da shi, sabon yanka kuwa gam ne tsirara da farin ƙashi. Masu sayar da “irin murjani” a leda kamar irin alayyahu ma ba sai an daɗe a kansu ba, murjani dabba ce, ba ta da busasshen iri.

Sai batun aike. Duk murjani mai ƙashin dutse, irin su Acropora, yana rukuni na 2 na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izinin ƙasar da ya fito. Wanda ya ce zai turo muku daga Indonesiya a kwali kawai ba takarda, ko dai a kama kayan, ko su iso a mace, ko babu su tun asali, sai kira na biyu na “kuɗin kwastam”. Murjani a leda bai cika wuce kwana biyu lafiya ba, kuma ruwan da ya haura digiri 30 kan iya kashe shi, balle a bayan mota daga Legas zuwa Kano a watan Afrilu. Kafin ku biya ko sisi, a rubuta muku sharaɗin mayar da kuɗi idan kaya ya iso a mace, ku kuma ɗauki hoton ledar tun ba ku kwance ta ba.