Kurket: Test ko T20?

Wasan Test, dogon salon kurket (wasan jifan ƙwallo da dukanta da sanda) da aka fara a Melbourne a 1877 tsakanin Ostireliya da Ingila, kan kai kwana biyar, wani lokacin ma a tashi ba wanda ya yi nasara. Daɗinsa yana cikin jinkirin: fili na tsattsagewa, ƙwallo na tsufa, mai jifa na ɗana wa mai duka tarko tun hantsi har la'asar. Ni dai nan zuciyata take.

T20 kuwa, gajeren salon da ya ɓullo a Ingila a 2003, cikin kamar awa uku an tashi. Jifa 120 kowane ɓangare, duka ba ji ba gani. Gara sabon shiga ya fara da shi, musamman gasar IPL ta Indiya. Test kuwa sai dokokin wasan sun zauna wa mutum.