Gargaɗi ga masu neman bakan Turkiyya: baƙin fenti ake sayar muku da sunan ƙaho

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar harbi. Shekaranjiya wani ƙanena ya turo mini hoton talla ta WhatsApp, yana tambaya ko ya tura kuɗi. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Bakan nan ne dai da aka nuna mini watanni bakwai da suka wuce, kwance a kan jar darduma, da kibiyoyi uku a gefensa. Sunan shafin kawai aka canza. Na kira shi nan take na ce kada ya kuskura, sannan na ga bai kamata in tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Ga yadda tawa ta kasance. Kamar da yawa daga cikinmu, fina-finan tarihin Turkiyya da ake juyawa zuwa Hausa ne suka fara sa mini son bakan nan gajere mai lanƙwasassun kunnuwa. Ina cikin lalube a Facebook na ci karo da wani shafi da ke cewa suna shigo da bakan Usmaniyya, wato tsohuwar daular Turkawa, na asali daga Istanbul, na ƙaho da jijiya, aikin hannu. Mai shafin bakinsa da zaƙi. Kafin mu yi maganar kuɗi sai da ya kawo mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ƙarfi shi ne harbi, ya maimaita har sau uku. Hadisin gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi yi mini ciwo daga baya, domin da shi ya kwantar mini da hankali. Ya ce, "Malam, ni ba riba nake nema ba, so nake sunnar ta yaɗu." Kuɗin naira dubu 95, in ba da dubu 50 kafin alƙalami, guda biyu suka rage, kuma wani Alhaji na hanya zai kwashe su in ban yi sauri ba.

Na tura. Bayan mako biyu ya kira, wai kaya sun iso Legas amma kwastam sun riƙe, sai an biya dubu 18. Na ce ai ba mu yi haka da kai ba. Ya ce, "Haba Malam, kai ma ka san ƙasar nan." Na ga dubu 50 ɗina sun riga sun tafi, sai na ƙara. A kan wannan lissafin suke cin abinci: wanda ya zuba kuɗi sau ɗaya yana tsoron asarar na farko, sai ya bi shi da na biyu. Da aka ce kaya sun iso tasha na cika ragowar kafin direba ya miƙo mini kwalin.

To, kaya dai sun zo, kuma nan ne damfarar ta fi haɗari, domin wanda aka gudu da kuɗinsa ya san an cuce shi, amma wanda aka miƙa wa jabu yana iya shekara yana godiya. Baka ne mai kyan gani, cikinsa baƙi wuluk yana sheƙi, an naɗe bayansa da wani abu mai kama da fata, an zana furanni da ruwan gwal. An rubuta 30 a jikinsa, wato nauyin jansa laba 30. Da na ɗaura tsirkiya na ja, ban iya kai ta ko haɓa ba, kafaɗata ta amsa. Na ɗauka rashin sabo ne, na yi ta fama. A kwana na tara ina cikin ja na ji ƙas! Tsirkiya ta zame daga kunnen sama, bakan ya juye ya dake ni a damtse, wurin ya yi kwana goma yana kumbure. Allah ne ya kiyaye idona.

Na ɗauki bakan na kai wa wani dattijo a unguwarmu, tsohon maharbi ne, kuma ya daɗe yana sassaƙa ƙotar wuƙa da ƙahon shanu. Bai taɓa riƙe bakan Turkiyya ba, amma ƙaho ya sani kamar yunwar cikinsa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ciro 'yar wuƙarsa ya kankare gefen da ya tsage. Baƙin ya tashi ɓawo-ɓawo, ƙarƙashinsa wani abu fari-fari mai silin zare. Ya ɗora ɗan abin da ya kankaro a bakin wuƙa ya kara a garwashi, ya miƙo mini ya ce, "Shinshina, ɗana." Warin roba ya bugi hancina. Ya ce, "Ƙaho in ya ji wuta ƙaurin gashi yake yi, kamar ana babbakar kai da ƙafa. Wannan bai taɓa zama a kan dabba ba." Na ce, "Baba, to mene ne?" Ya ce shi dai bai san sunansa ba, amma irin abin da ake yin sandar tanti da shi ne. Faiba ce, zaren gilashi da aka daskarar da gam, aka shafe da fenti. Da na shafa wurin tsagewar, sili biyu suka shige mini yatsa, sai da allura aka ciro su. Daga baya na rataya tsirkiyar a sikelin auna kaya na ja zuwa inci 28, wanda shi ne ma'aunin da ake rubuta nauyin baka a kansa: ya haura laba 45.

Bayan wannan ne na zauna na karanci abin da ya kamata in sani tun farko, kuma da na san shi da ko sisi ban tura ba.

Bakan Turkiyya na asali abu huɗu ne aka haɗa. Akwai ƙashin bayansa na itace, galibi wani icen ƙasashen sanyi da Turkawa ke kira akcaagac. A cikinsa, wato ɓangaren da ke fuskantar maharbi, ana manna ƙahon ɓaunar ruwa, saboda ƙaho yana jure matsi. A bayansa ana shimfiɗa jijiyar dabba, agarar ƙafar shanu da aka busar, aka daka har ta zama kamar zare, saboda jijiya tana miƙewa ta koma. Abin da ke riƙe su duka gam ne da ake dafawa daga jijiya da kuma kifi. Jijiyar nan ba a zuba ta a rana ɗaya. Ana shimfiɗa ta hawa-hawa, kowane hawa a bar shi ya bushe, bakan yana ta lanƙwashewa baya yayin da take tsukewa. Daga fara aiki zuwa ranar da za a ɗaura masa tsirkiya ana cin shekara guda, wani ma fiye. Yanzu ku auna da kanku. Mutum ya yi shekara yana renon baka ɗaya, sannan a ɗauko shi daga Istanbul, a biya jirgi, a sayar maka a kan dubu 95? A hannun masu yin sa na gaske, waɗanda ba su da yawa a duniya, kuɗinsa galibi yana haura dala dubu, kuma sau da yawa sai ka yi oda ka bi layi. Duk wanda ya ce maka yana da su jibge a shago, kala-kala, ka zaɓa, maganarsa ta mutu tun daga nan.

Akwai kuma alamun da ido ke gani. Na asali gajere ne, bai cika wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba, kuma ba shi da nauyi a hannu, yawancinsu ba su kai rabin kilo ba. In an kwance masa tsirkiya yana komawa baya ya yi zobe kamar jinjirin wata, wasu ma kunnuwansu har kusan haɗuwa suke yi. Nawa kuwa in an kwance shi kusan a miƙe yake. Ƙahon cikinsa galibi ba a rufe shi da fenti, ana ganin zanensa na halitta, kuma babu ƙaho biyu masu zane ɗaya. A tsakiyar mariƙi, inda ƙahon sama da na ƙasa suka haɗu, ana cusa ɗan siririn ƙashi fari da suke kira celik. Bayan ne ake rufewa da fata ko ɓawon itace don kare jijiya daga danshi. Masu yin baka na da ma sukan rubuta sunansu da shekarar aiki a jikin bakan. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa ya yi shi? In ya ce "kamfaninmu na Turkiyya" ya kasa kiran sunan mutum ko na masana'anta da za ka iya bincikawa, ka riƙe kuɗinka.

Masu wannan talla suna son kawo tarihi don su ruɗa mai saye, kuma tarihin gaskiya ne. Akwai filin Okmeydani a Istanbul wanda Sultan Muhammad Fatih ya ware wa maharba bayan ya ci birnin a 1453, inda a da ake kafa dutse a wurin da kibiyar gwani ta faɗi. Akwai dutsen Tozkoparan Iskender, wanda ya jefa kibiya ta yi tafiyar mita 845 da ɗoriya. UNESCO ma ta sa harbin gargajiya na Turkiyya cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2019. Mai shafin ya turo mini duk wannan. Abin da bai faɗa mini ba shi ne a wancan filin, a zamanin da, sabon ɗalibi ba a ba shi bakan gwanaye. Wani sassauƙan baka ake ba shi mai suna kepaze, ya yi ta ja ba tare da kibiya ba, kullum, har jikinsa ya saba, kafin a bar shi ya yi harbi. Mutanen da suka gaji abin kaka da kakanni da mai laushi suke farawa, ni kuwa aka miƙa mini laba 45 da takardar ƙarya a jiki.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, bakan faiba ba abin kunya ba ne. Yawancin masu koyo a duniya, har a Turkiyyar, da shi suke farawa, ko da na itace da faiba da aka manne falle-falle. A yanayinmu ma ya fi dacewa da mai koyo. Bakan ƙaho da jijiya yana da laulayi: danshin damina yana sassauta gam da jijiya, zafin mota da aka rufe a rana yana iya karkatar da shi, kuma ɗaura masa tsirkiya kaɗai sai wanda ya iya, wani lokaci sai an ɗumama shi an daidaita kunnuwansa. Da mutumin nan ya ce mini faiba ce, ga nauyinta na gaskiya, ga kuɗinta, da ba ni da abin cewa. Laifinsa shi ne ya sayar mini da mafi ƙasƙancin faiba, mai karkataccen kunne, da sunan ƙaho, a kan kuɗin da ya ninka darajarta, ya kuma yi ƙarya a nauyin da zai iya nakasa mutum.

In za ka saya daga wanda ba ka sani ba, ka nemi ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ba wanda aka ɗauka aka ajiye ba. Ya nuna maka bakan a kwance babu tsirkiya, sannan ya ɗaura, ya juyo shi ka kalle shi daga kunne zuwa kunne: tsirkiya ta bi tsakiyar bakan sak, in ta karkace gefe kunnen ya murɗe, kuma irinsa ne ke juyewa a hannu. Ya rataya shi a sikeli ya ja zuwa inci 28 kana gani. Mai farawa laba 20 zuwa 30 ta ishe shi. Hoton tallar kuma ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito a intanet. Da na yi haka da nawa, bayan aikin gama ya gama, na tarar da hoton jar dardumar a shafin wani mai yin baka na ƙasar waje, wanda bai ma san ana amfani da aikinsa ba. Ka tambaye shi zoben harbi, wanda Turkawa ke kira zihgir, domin bakan nan da babban yatsa ake jansa, kuma mai harbi da hannun dama yana ɗora kibiya ne a gefen dama na bakan. Zoben sai an auna yatsanka. Wanda ya san sana'ar zai nemi awon yatsan kafin komai. Ni roba ɗaya aka jefo mini a kwali, wai tana shiga kowa. Batun kwastam kuwa a gama shi kafin a tura ko kwabo, a rubuce, kuma asusun da za ka tura wa ya zama sunansa ɗaya da wanda kake magana da shi. Nawa sunan wata mace ne, ya ce matarsa ce.

Da na kira shi na faɗa masa abin da Baba ya gano, cewa ya yi ni na lalata bakan da rashin iya ɗauri. Na ce to batun ƙahon fa? Ya kashe waya. Washegari ya toshe lambata, bayan mako guda shafin ya ɓace. Na kai ƙara banki da wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, har yau dai ban ga ko naira ba. Duk da haka wanda abin ya shafa ya kai ƙara, ya kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, domin ƙorafi in ya taru a kan asusu ɗaya ya fi saurin motsa hukuma. Kada ka goge hirar don haushi, ita ce shaidarka.

Ban ambaci sunan shafin ba saboda ya riga ya canza shi, kuma gobe zai sake. Ku riƙe alamunsa: jar darduma da kibiyoyi uku, hadisi kafin ciniki, guda biyu suka rage, Alhajin da ke hanya, sannan kiran kwastam bayan mako biyu. Wanda kuma ya riga ya karɓi irin wannan baka, don Allah kada ya sake jansa sai ya auna shi a sikeli ya duba kunnuwansa, kuma kada ya bar yara su taɓa shi. Nawa yana rataye a zauren Baba, ya ce a bar shi nan ya riƙa nuna wa samarin da ke zuwa tambaya.