Darussa takwas wajen kocin tanis: aikin da hannun hagu ke yi a bugun tafi

Na kusa shekara uku ina buga tanis da yamma bayan tashi daga aiki, amma bugun tafin hannuna, wato wanda mai amfani da hannun dama ke yi idan ƙwallo ta zo masa ta gefen dama, bai taɓa zama abin dogaro ba. Yau ƙwallo ta sauka cikin fili, gobe ta wuce layin baya da taku biyu, ga kuma ciwon gwiwar hannu da nake kwana da shi. Wannan ne ya sa na biya kuɗin darussa takwas, kowanne na awa ɗaya, wajen wani koci a kulob ɗin da nake zuwa a Kaduna.

A ranar farko bai gyara mini komai ba. Ya jefo mini ƙwallaye kamar ashirin, ya ɗauke ni bidiyo da wayarsa, sannan ya miƙo mini ita ya ce, "Yallaɓai, rabu da raket ɗin, dubi hannunka na hagu." Na duba na gan shi yana reto a gefen cinyata tun daga farkon bugu har ƙarshensa, kamar an ara mini shi. Tunda hannun ba ya motsi, kafaɗuna ma ba sa juyawa, saboda haka hannun dama kaɗai ke ɗaukar nauyin bugun gaba ɗaya.

Abin da ya koyar da ni bai da yawa, sai dai ya nace a kansa. Idan ƙwallo ta taso, hannun hagu ya riƙe wuyan raket a juya tare da shi, domin hakan na tilasta wa kafaɗu biyu su juya lokaci guda. Daga nan a sake shi ya miƙe daidai da layin baya, yana nuna shingen gefen fili. Muhimmin wurin shi ne lokacin da raket ta taso gaba, inda ake naɗe gwiwar hannun hagu zuwa haƙarƙari, sannan bayan an bugi ƙwallo raket ta ci gaba da tafiyarta har tafin hagu ya cafke ta a saitin kafaɗar hagu. Dalilin naɗewar ya fi burge ni, domin na gwada shi washegari a kan kujerar ofis mai juyawa: idan ka juya da hannuwa a buɗe sannan ka janyo su jikinka, gudun juyawar yana ƙaruwa nan take. Haka ƙirji yake samun ƙarin sauri, kuma raket mai nauyin gram 300 ko kusa da haka tana cin moriyarsa ba tare da an ƙanƙame ta ba.

Darussa biyu da suka biyo bayan na farko sun ba ni haushi, domin hankalina ya koma kan cafkar, ƙwallaye kuma suka riƙa faɗawa raga. A darasi na huɗu ne na fara jin bambanci. Bugun ya daina fita da fizga, ina ƙarewa ƙirjina na fuskantar raga maimakon in karkace, kuma tunda raket tana hutawa a hannun hagu bayan kowane bugu, sauya riƙo zuwa bugun bayan hannu, wato wanda ake yi idan ƙwallo ta zo ta gefen hagu, ya zo da sauƙi. Ciwon gwiwar hannun ma ya ragu sosai.

Inda muka saɓa da kocin shi ne yadda ya mai da cafkar doka a kan kowace ƙwallo. Idan an kora ka can kusurwa kana gudu, neman cafke raket ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa mutum ya taƙaita bugunsa. Na kawo masa misalin Rafael Nadal, shahararren ɗan wasan tanis na ƙasar Spain, wanda kafin ya yi ritaya a 2024 sau da yawa yake ƙare bugun tafinsa da raket a saman kai, kuma hakan bai hana shi lashe gasar Roland Garros ta Faransa sau 14 ba. Sai a darasi na shida ya yarda cewa cafkar ma'auni ce kawai da ke nuna wa mai koyo ko kafaɗunsa sun juya sosai, bayanin da ya kamata a ce na ji tun ranar farko.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Rabin ƙwallayen kwandonsa sun gama cinye gashinsu, ba sa tashi yadda sababbi ke tashi, kuma sau biyu ya makara ba tare da ya cike lokacin ba. Bugun fara wasa kuwa ko taɓa shi ba mu yi ba.

Ga wanda ya daɗe yana buga tanis da ƙarfin hannu zalla, ba tare da juya jiki ba, ina ganin kuɗin sun biya. Wanda juyin jikinsa ya riga ya zauna ba zai ƙaru da yawa ba. Ni dai na sake biyan darussa huɗu domin bugun fara wasa, bisa sharaɗin zan riƙa zuwa da gwangwanin sababbin ƙwallayena.