Nemo a Ubuntu: ya fi min Nautilus, amma saita shi sai da haƙuri

Duk wanda aikinsa ya ƙunshi kwashe fayiloli daga wannan folda zuwa waccan kullum, gaskiya Nemo, manhajar buɗe foldoji da sarrafa fayiloli, ya fi masa Nautilus da ke zuwa da Ubuntu. ’Yan Linux Mint, wani nau’in Linux, su ne suka fitar da shi a 2012, sun ɗauki Nautilus 3.4 suka ci gaba da gina nasu lokacin da masu GNOME, wato destof ɗin da Ubuntu ke amfani da shi yanzu, suka fara cire abubuwa a Nautilus 3.6, kuma abin da aka cire ɗin nan shi ne ainihin abin da nake so, wato raba taga gida biyu. A Nemo F3 kawai za ka danna sai taga ta rabu, filasha a dama hadis (hard disk) a hagu, ka ja fayil ka ajiye, ba sai ka buɗe tagogi biyu kana ta jera su ba. A ƙasa kuma yana nuna maka sararin da ya rage a dis, in ka danna dama a linzami akwai buɗe tamina (tagar rubuta umarni) a wurin da kake, har da buɗe folda a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan sistem, wannan dai a yi hattara da shi.

Sa shi ba wuya, ka rubuta sudo apt install nemo a tamina shikenan. Amma fa ko ka sa, in ka buɗe folda daga wata manhaja Nautilus ne zai fito, don a Linux ita ma folda tana da nata nau’in kamar hoto ko PDF, sunansa inode/directory, sai ka gaya wa sistem wa zai riƙa buɗe shi:

xdg-mime default nemo.desktop inode/directory

In kana son tabbatarwa ka rubuta xdg-mime query default inode/directory, ya kamata ya amsa da nemo.desktop. Saitin yana zaune ne a fayil ɗin mimeapps.list cikin foldar .config, ko da hannu ma za ka iya gyarawa.

Inda abin ya ɗan ɓata min rai shi ne burauza. Ka gama daunlodin ka ce ta nuna maka fayil ɗin a foldarsa, wani lokaci Nautilus ne zai sake leƙowa duk da saitin da ka yi, saboda burauzoci da yawa ba ta xdg-mime suke bi ba, ta D-Bus, hanyar da manhajoji ke magana da juna, suke kira da sunan org.freedesktop.FileManager1, kuma wanda ya riƙe sunan shi zai amsa. Wasu na cewa a cire Nautilus gaba ɗaya, ni dai ban ba da wannan shawarar ba a GNOME don akwai abubuwan da suka dogara da shi. Tagar da ke fitowa in za ka yi sebin fayil ita ma ba za ta canza ba, ba ta Nemo ba ce tun asali, don haka kar ka ɓata lokaci wajen neman saitinta.