Zuwa Yankari: Shatar Mota Ko Motar Tasha?

Ga mai ƙaramin aljihu, motar tasha tana da araha, amma ba za ta kai ka cikin gandun namun daji na Yankari ba. Daga Bauchi za ka shiga motar Gombe ko ta Alkaleri ka sauka a Dindima, inda hanyar dajin ta rabu. Wannan zangon lafiya lau ne. Daga Dindima zuwa ƙofar daji a Mainamaji kuwa motoci sun yi ƙaranci, kuma direba ba ya tashi sai lodi ya cika. Babbar matsalar tana ƙofa: daga nan zuwa sansanin Wikki, inda masauki da ruwan ɗumi suke, akwai kimanin kilomita 40, kuma motar haya ba ta zirga-zirga a ciki.

Shi ya sa shata ta fi, muddin kun kai mutum huɗu za ku raba kuɗin. Ku yi ciniki a cikin tasha, gaban shugabannin direbobi, domin su san wanda ya ɗauke ku. A fayyace tun farko wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin shigar mota, da kwanan direba in za ku kwana, don a nan rigima take tashi. A cika tanki tun daga Bauchi, saboda man ƙauye na 'yan bumburutu ne, ga tsada. Ku duba safaya da jak da idonku. Taya mai faci ba ta dace da hanyar daji ba. Rabin kuɗi ya isa kafin alƙalami, sauran sai an dawo da ku.