Obin mai wanke kansa a Amurka, da sakatar da kan ƙi sakin ƙofa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Masu sayo kayan kicin na gwanjo da masu gyaran kayan wuta sun sha tambayar labarin obin ɗin nan da ake cewa yana wanke kansa. Akwai shi, kuma ba baƙo ba ne a nan Amurka. Kamfanin GE ya fito da shi tun 1963, yanzu ko a gidajen haya da yawa za ka tarar da shi. Sai dai wankin ba na ruwa ba ne, ƙonawa ce. Ka danna maɓalli, cikinsa ya ɗau zafi har kusan digiri 480 a ma'aunin Salsiyas, ya zauna haka awa biyu zuwa huɗu. Duk maiƙon kaza da romon da ya zuba ya daskare sai ya koma toka fara-fara, ka sa tsumma mai danshi ka share. Gashin burodi bai cika wuce digiri 220 ba, to ka auna. A irin wannan zafin, da an buɗe ƙofa iska ta shiga, hayaƙin maiƙon zai iya kamawa da wuta, ga ƙuna a fuska. Shi ya sa aka yi masa sakata mai kulle kanta, kuma a wurin wannan sakatar yawancin kukan jama'a yake.

Tsofaffin samfuri hannu ne da su a saman ƙofa, kai kake turawa gefe. Na yanzu ɗan inji ne mai juyawa, bai kai tafin hannu ba. Yana juya wani faifai mai tudu, faifan ya tura ƙugiyar ƙarfe ta kama ƙofa daga sama. A wasu injin yana gaba, ƙarƙashin murhun sama. A wasu yana can baya, doguwar sandar ƙarfe ce ta haɗa shi da ƙugiyar. Kusa da faifan akwai ƙananan suwic, ɗaya ko biyu, masu sanar da fanel, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa obin, cewa an kulle ko an buɗe. Akwai kuma wani suwic a jikin firam, wato bakin obin inda ƙofa ke zama, wanda ƙofa ke dannawa idan ta rufu. Fanel ba ya ganin ƙugiya, maganar suwic kawai yake ji. Idan ya umarci inji ya juya, ya jira bai ji amsa ba, sai ya rubuta lambar matsala ya tsaya cik. A obin ɗin kamfanin Frigidaire F90 ce, a Whirlpool F5 E1, a GE kuwa F9.

Kafin a taɓa komai, a yi haƙuri tukuna. Sakata ba ta saki sai zafi ya sauka, kuma hakan kan ɗauki awa guda ko fiye bayan an gama. Mutane da yawa gaggawa ce ke jawo musu asara: su ja hannun ƙofa da ƙarfi, ƙugiya ta lanƙwashe ko gilas ya tsage, ƙaramin gyara ya zama babba. Idan ya huce sarai ƙofa na nan a kulle, a danna maɓallin sokewa, a je akwatin wutar gida a kashe birekar obin, wadda tagwaye ce mai amfiya 40 ko 50, a bar ta minti biyar a mayar. Bai saki ba? A sake kunna wankin, a bar shi kamar minti ɗaya, a soke, ana dafe da ƙofar ana tura ta ciki. Wannan yana sa injin ya yi cikakken zagaye, turawar kuma tana sauke wa ƙugiya nauyi. A kasa kunne a nan, domin kunne rabin gyara ne. In an ji ƙugin inji amma ƙugiya ba ta motsa ba, haƙoran ciki sun cinye ko sandar ta zame. In shiru ne, ko injin ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi.

Wani lokaci akasin haka ake samu: ƙugiya ta fito ƙofa na buɗe, ta hana ta rufuwa. A danne suwic ɗin firam da yatsa, a kunna wanki, a soke, kada a ɗage yatsa har ƙugiyar ta koma.

Idan duk wannan bai yi ba, sai buɗewa da hannu, wuta a kashe, obin a sanyaye. A miƙar da hangar rataye tufafi ta wayar ƙarfe, a lanƙwasa bakinta, a zura ta tsakanin saman ƙofa da firam da fitila a ɗaya hannun, a ja ƙugiyar gefe a hankali. A liƙa tef a wurin don kada fenti ya kwarzane. Mai inji a baya kuwa, a jawo shi daga bango, a kwance murfin baya, a cire sandar daga jikin faifan a tura ta da hannu.

Daga nan aikin mitar gwaji ne, irin wadda masu gyara ke auna kayan wuta da ita. Kowane suwic a zare masa waya a gwada: a danne ya ba da hanya, a sake ya yanke. Wanda ya ƙi canzawa ya tashi aiki, kuma maiƙo da zafi ne ke kashe su. Injin ma a auna shi; in mita ba ta nuna komai ba, wayar cikinsa ta yanke. Abin da ake yawan mantawa shi ne sensar zafi, wata siririyar sanda kamar fensir a bangon baya daga ciki. A yawancin na Amurka tana ba da kusan om 1,080 a kan mita a zafin ɗaki. In ta ba da abin da ya zarce haka nesa, fanel zai ɗauka har yanzu ciki na ci da wuta, ya riƙe ƙofa alhali sakata lafiyarta lau. Idan kuma allon da ke nuna lambobi ya mutu gaba ɗaya ko obin ya daina zafi bayan wanki, a duba fiyus ɗin zafi da ke baya. A sauya shi da irinsa. Don Allah kada a haɗe shi da waya kamar yadda ake yi wa katawut, shi ne ya tsaya tsakanin obin da gobara. Fanel shi ne na ƙarshe da za a zarga, don ya fi komai tsada.

Wani abu da ya cancanci yabo a nan: kusan kowane obin yana zuwa da takardar masu gyara a ɓoye a jikinsa, bayan aljihun ƙasa ko cikin murfin baya, da zanen wayoyi da ma'anar kowace lamba. Lambar samfurin na kan firam. Ka rubuta ta a intanet, sakatarka ta iso ƙofar gida cikin 'yan kwanaki, a kan 'yan gomomin daloli zuwa ɗari da wani abu. Kaya a wadace suke, hannun mai gyara ne ke da tsada. Zuwansa kawai ya duba kan ci wajen dala ɗari, kuma sai ka jira ranar da ya ba ka. Ba ya buɗe suwic ya goge shi, sakatar gaba ɗaya yake cirewa ya sa sabuwa. A gida abin a juye yake: ga masu hannu da basira a Sabon Gari da Kasuwar Kurmi da kowace unguwa, amma ina za a samo kayan? Garanti a nan galibi shekara ɗaya ne, mai haya kuma mai gida yake kira, ba ya biya daga aljihunsa.

Ga masu niyyar loda shi a kwantena, a tsaya a duba wutar. Obin ɗin Amurka layi biyu yake sha masu bolt 120 kowanne, su haɗu su ba da 240, a kan zagayen wuta 60 a daƙiƙa. A yawancinsu injin sakata da fitila da fanel 120 suke amfani da shi. Najeriya 230 ce a layi ɗaya, zagaye 50, Nijar ma kusan haka. In aka jona shi kai tsaye, waɗannan ƙananan sassan ne za su fara ƙonewa. Na Ingila da sauran Turai wutarsu ɗaya da tamu, su ne suka dace. Ko su ɗin ma, wankin yana son wuta tsayayya ta awa uku, ƙaramin janareta ba zai ja ba, kuma in aka ɗauke wuta ana tsaka da shi ƙofa na nan a kulle har a dawo da ita. Wanda zai saya don gida ya nemi mai wankin tururi: ruwa kofi ɗaya a ƙasansa, zafi kaɗan na kamar rabin awa, ba ya buƙatar sakata. Wanda kuma ya riga ya mallaki mai ƙonawar, ya fitar da ragar ƙarfe da duk wata takardar alminiyam kafin ya kunna, ya kwashe maiƙon da ya taru da hannu, ya buɗe tagogi, ya nisantar da tsuntsayen gida daga hayaƙin. Kuma kada ya yi wankin ana jajibirin Sallah. Ya ba da tazarar mako biyu, yadda ko sakata ta maƙale za a samu lokacin gyara kafin nama ya iso.